Babi na Bakwai: Kwana Biyar a Bakin Kogin Chicago

Ranar Alhamis, 1 ga Satumba 2022, tun kafin hantsi ya dubi ludayi layi ya miƙe a otal ɗin Hyatt Regency da ke bakin Kogin Chicago. Kowa da takunkumi a fuska, kowa da shaidar allurar korona a hannu, domin masu taron sun gindaya sharaɗi cewa ba mai shiga sai da su biyun. Akwai dattawa masu furfura suna dogara sanda, akwai masu keken guragu mai aiki da batir, akwai iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu, ga kuma samari da 'yan mata da wannan ne zuwansu na farko, sai raba ido suke yi. Tsofaffin hannu ana gane su daga akwatunansu, waɗanda ba a cika ba da gangan, an bar wurin littattafan da za a koma gida da su.

Wanda ya kai gaban tebur, kati ake miƙa masa mai ɗauke da sunansa, ya rataya a wuya. Idan bakinsa ya suɓuce ya ce ya sayi tikiti, ba za a rasa mai gyara masa zance ba: a nan mamba ake zama. Wadda ta miƙa masa katin ita ma ta biya kuɗin zamanta mamba, ta biya ɗakin kwananta, ta bar gidanta don ta zo ta wuni a bayan wannan tebur. Haka mai jan wayar lasifika, haka mai duba kati a bakin zaure, har zuwa kan shugabar taron gaba ɗaya, Helen Montgomery. Babu mai albashi a cikinsu. Aikin gayya ne, irin wanda ba a san wani mai gona ɗaya ba.

Sunan taron Worldcon, taron duniya na masoya ƙagaggun labaran kimiyya. Wannan ne karo na 80, kuma na takwas a Chicago, shi ya sa aka raɗa masa Chicon 8. Labaran da suka tara waɗannan mutane su ne waɗanda ake ginawa a kan "da a ce": da a ce ɗan Adam ya sauka a wata duniyar, da a ce na'ura ta yi hankali, da a ce teku ya cinye birane. Mai karatun Hausa da ya taɓa riƙe Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da aka taka duniyar wata, ya san ɗanɗanon abin.

Ba haka kawai aka zaɓi ranakun ba. A Amurka, Litinin ta farko a watan Satumba ita ce Ranar Ma'aikata, hutun ƙasa tun 1894. Wanda ya saba da 1 ga Mayu a Najeriya ko Nijar zai yi mamakin jin cewa ita waccan ranar ta Mayu daga wannan birni na Chicago ta samo asali, daga yajin aikin neman awa takwas da rikicin dandalin Haymarket na 1886. Duniya ta ɗauka, Jihar Kano ta mai da ita ranar hutu a 1980 zamanin Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, amma Amurkawa suka tsaya a kan tasu ta Satumba. Ma'aikacin Amurka kuwa hutu ya yi masa ƙaranci, domin babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya ba shi hutun shekara mai albashi. Asabar da Lahadi da Litinin a jere, kyauta, abin riƙewa ne da hannu biyu. Idan ya roƙi Alhamis da Juma'a ya ƙara, ya sami kwana biyar.

Dalili na biyu na kuɗi ne. Otal irin Hyatt Regency, mai hasumiya biyu da ɗakuna sama da 2,000, da 'yan kasuwa da tarukan kamfanoni yake rayuwa. A ƙarshen makon hutu duk waɗannan suna gida suna gasa nama a tsakar gida da iyalansu, ɗakuna sun zama wayam. Sai masoya labarai su zo da ciniki: za mu cika muku ɗakuna kaza na dare kaza, ku sassauta farashi, ku ba mu zauruka. Otal ya tsira daga asara, su kuma sun sami wurin da ba za su iya biya ba a tsakiyar mako na aiki. Wannan lissafin ne ya sa masoyan Birtaniya ma suke yin nasu babban taron na shekara a hutun Ista. Kuma ga dukkan alamu cinikin ya yi wa Hyatt daɗi, domin a nan aka yi taron 1982, da na 1991, da na 2000, da na 2012.

Asalin abin daga shafin wasiƙu ya taso. A 1926 wani ɗan asalin Luxembourg mazaunin New York, Hugo Gernsback, ya fara buga mujallar Amazing Stories, wadda ba ta ɗauke da komai sai irin waɗannan labarai. Idan ya buga wasiƙar mai karatu, yakan buga har da adireshinsa. Yaron da ke wani ƙaramin gari, wanda duk unguwa ake ganin ya zauce saboda yana zancen tafiya duniyar Mars, sai ya ga ashe akwai irinsa a wata jihar, ga kuma inda zai aika masa takarda. Duk wanda ya tashi yana jin sunaye iri ɗaya ana karantawa a filin zaɓi sonka na rediyo, har masu sunayen suka san juna suka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, ya san yadda wannan zumunci yake ƙulluwa. Daga wasiƙu aka koma buga 'yan mujallu na hannu ana rabawa ta gidan waya. Wadda aka fi ɗauka ita ce ta farko ta fito a 1930 a nan Chicago, sunanta The Comet, wato tauraruwa mai wutsiya.

Haɗuwa ido da ido da sunan duniya ta zo a 1939, a wani zaure mai suna Caravan Hall a New York, daga 2 zuwa 4 ga Yuli, hutun bikin 'yancin kan Amurka. Mutane kimanin 200 ne, yawancinsu samari. Kalmar "duniya" da ke cikin sunan daga babban baje kolin duniya da ake yi a birnin a shekarar aka aro ta. Isaac Asimov yana wurin, yana ɗan shekara 19. Ray Bradbury, ɗan shekara 18, ya ratso ƙasar a motar safa tun daga Los Angeles da kuɗin da abokinsa Forrest Ackerman ya ranta masa. Shi Ackerman ya iso da abokiyarsa Myrtle Douglas, su biyun sanye da kayan mutanen gobe da ita ta ɗinka da hannunta, ta kwaikwayo daga fim ɗin Things to Come na 1936. Su kaɗai suka yi irin wannan shigar a ranar.

Taron farko bai tashi lami lafiya ba. Masu shiri sun tare ƙofa suka hana mutum shida shiga, 'yan wata ƙungiya mai ra'ayin gurguzu da suka daɗe suna takun saƙa da su. Cikin waɗanda aka kora har da Donald Wollheim da Frederik Pohl. Shekaru suka juya, Pohl ya zama babban baƙon taron 1972, Wollheim ya zama na 1988. A 2010, yana ɗan shekara 90, Pohl ya karɓi kyautar taron ta gwanin marubuci cikin masoya, wato an karrama shi a matsayin ɗan cikin gida, matsayin da aka hana shi yana saurayi.

A 1940 ne taron ya fara sauka a Chicago, kuma a nan ya fara kama hutun ma'aikata. Mutum 128 suka zo. Cikin 'yan samarin da suka shirya shi akwai Erle Korshak, wanda bai kai shekara 18 ba. Masu shirya taron 2022 sun sa sunansa cikin manyan baƙi don ya dawo birnin bayan shekara 82, amma rai ya yi halinsa a 2021 yana da shekara 97. Ba su cire sunan ba. Ya tsaya a jerin tare da marubutan nan mata da miji, Tananarive Due da Steven Barnes, da Floyd Norman, baƙar fata mai zanen katun da ya yi aiki a kamfanin Disney tun shekarun 1950.

Wanda ya wayi gari Juma'a a otal ɗin, abin da zai fara fama da shi shi ne hanya. Zauruka suna ƙarƙashin ƙasa, hasumiyoyin biyu suna haɗe ta gada a sama da wani lungu a ƙasa, kuma ba wuya mutum ya bi matakala ya tsinci kansa a gefen da bai nufa ba. Na biyu shi ne jadawali. A kowace awa akwai zama fiye da goma suna tafiya lokaci guda. A wannan ɗakin masana kimiyya ne ke bayanin hotunan farko da wani madubin hangen nesa ya aiko daga sararin sama, a wancan marubuta huɗu ko biyar ne a kan tebur suna gardamar yadda ake ƙirƙirar harshen halittun wata duniya, a can gaba edita ne ke gaya wa masu tasowa dalilin da ya sa yake mayar da labari tun daga shafin farko. Dole mutum ya zaɓa, kuma duk abin da ya zaɓa ya yi asarar sauran.

Zaman da ya fi kowanne daɗi shi ne mafi ƙanƙanta. Suna kiransa da wata kalmar Jamusanci, kaffeeklatsch, hirar shan gahawa. Mutum ya rubuta sunansa da wuri, a zaɓi kimanin goma, su kewaye tebur ɗaya da marubuci na tsawon awa guda. Babu dandamali, babu lasifika, babu mai tsaron lafiya. Direban babbar mota zai iya gaya wa marubuciyar da ta sayar da littattafai miliyan cewa ƙarshen littafinta bai gamsar da shi ba, ita kuma ta tsaya ta kare kanta. Sa hannu a littafi ma kyauta ne. Wannan kusanci shi ne ainihin abin da kuɗin mamba yake saya, kuma shi ya sa masu shirya fina-finai suka daɗe da sanin darajar wurin. A hutun ma'aikata na 1966, a taron Cleveland, Gene Roddenberry ya haska wa mahalarta Star Trek kwanaki kaɗan kafin a fara nuna shi a talabijin ranar 8 ga Satumba. A 1976, a Kansas City, wani matashin ɗan wasa da ba a sani ba, Mark Hamill, ya tsaya kusa da kayan wani fim da bai fito ba yana yi wa masu wucewa bayani. Star Wars ke nan.

Tsakanin zama da zama akwai kasuwa, babban zaure cike da tebura: sababbin littattafai, tsofaffin mujallu da takardarsu ta yi ja aka sa a leda, sarƙoƙi, riguna. Kusa da ita akwai baje kolin zane, inda mai so yake rubuta tayinsa a takardar da ke maƙale da hoton, idan masu tayi suka yi yawa a kai shi gwanjo. Akwai kuma ɗakin baƙi, inda kowane mamba zai shiga ya sami abin taɓawa da abin sha ba tare da ya biya ba, kuma ɗalibai da yawa da shi suke rufa wa aljihunsu asiri. Tun 1976, da kiran marubuci Robert Heinlein, ba da gudummawar jini ya shiga al'adun taron. Tsofaffin hannu suna da wata doka da suke karanta wa sababbi, biyar, biyu, ɗaya: barcin awa biyar, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya, a kowace rana. Ba don wasa aka kafa ta ba. Mutumin da ya shekara yana jiran waɗannan kwanaki yakan ga barci a matsayin asara, sai jiki ya kayar da shi ranar Lahadi, ranar da ta fi kowace muhimmanci.

Akwai wani zama da baƙo zai iya wucewa bai ko leƙa ba, alhali a nan ne igiyar taron take. Kowace safiya mambobi sukan taru a zaman majalisa, kuma duk mai kati a wuya yana da damar magana da ƙuri'a. Taron yana da kundin tsarin mulki. Ana kawo ƙuduri, a goyi baya, a yi gyara, a ƙirga hannu, wani lokaci a shafe awa guda a kan kalma ɗaya. Gyara ba ya zama doka sai ya wuce a taro biyu a jere, a garuruwa biyu. Tsarin yana da nawa, yana gajiyar da matasa, kuma yana fifita wanda yake da halin zuwa kowace shekara. Amma ya taɓa ceton gidan. A 2015 wasu gungu suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takarar kyaututtuka da mutanensu, don adawa da yadda mata da marubutan da ba farar fata ba suke ƙara samun shiga. Mambobi suka fito da yawa a taron Spokane suka zaɓi "babu wanda ya cancanta" a rukuni biyar. A wannan shekarar aka kawo sabuwar hanyar ƙirga ƙuri'a da ke karya irin wannan haɗin baki, aka tabbatar da ita a 2016, ta fara aiki a 2017.

Ƙuri'a ce kuma take zaɓen garin da za a je bayan shekara biyu. Ita kanta Chicago a 2020 ta ci zaɓenta, lokacin da annoba ta mayar da taron New Zealand kan intanet, kuma abokiyar takararta ita ce Jidda ta Saudiyya, wadda ta sha kaye da rata mai yawa. A 2022 Glasgow ta Scotland ce ta samu na 2024. Neman wannan ƙuri'a da dare ake yinsa. Masu son kai taron garinsu sukan kama manyan ɗakuna a saman bene, su buɗe ƙofa, su jera abincin garinsu, wasu da giya wasu da shayi da alewa, kowa ya shigo a liƙa masa 'yar alama a kati. Layin lifta kan yi tsawo har masu ƙarfin gwiwa su bi matakala. A wani ɗakin kuma mutane ne zaune a da'ira da garayar bature, suna rera waƙoƙin da suka tsara kan jiragen sama jannati da taurari har asuba. Sunan wannan waƙar filk, kuma daga kuskuren buga wata kalma a shekarun 1950 aka samo shi, aka ga ya yi daɗi aka bar shi.

Daren Asabar na masu shiga ne. Abin da Myrtle Douglas ta fara da keken ɗinkinta ya zama gasa tun 1940, kuma yanzu yana da matakai uku, na sabon shiga, na mai tasowa da na gwani, don kada wanda ya fara bana ya kara da wanda ya shekara talatin yana yi. Kowa yana da ɗan lokaci kaɗan a dandamali, da kiɗansa da ɗan wasansa, kusan yadda yaran tashe suke shigowa da shigarsu su yi abinsu su wuce. Amma kafin nan, a bayan labule, akwai alƙalan da ke juya riga su duba ɗinki ta ciki, su tambayi yadda aka lanƙwasa fuka-fuki, da me aka yi sulke. Wata shigar takan ci wata shida ana haɗa ta, a nuna ta cikin minti ɗaya.

A daidai wannan Asabar ɗin, can kudu a Atlanta, wani taron yana gudana, Dragon Con, wanda aka fara a 1987 kuma shi ma ya kama hutun ma'aikata. Can dubun dubatar mutane ne, sun kai 85,000 a 2019, da faretin masu shiga a kan titin Peachtree da taurarin fim masu karɓar kuɗi kafin su sa hannu a hoto. Na Chicago bai wuce 'yan dubbai ba. Matasa da yawa can suke tafiya, marubuta ma sukan rasa inda za su dosa, kuma wannan yana cikin abin da ya sa Worldcon yake yawan komawa watan Agusta a 'yan shekarun nan. Furfurar da ke cikin layin ranar Alhamis abin damuwa ce ga duk mai son gidan nan ya ɗore.

Babbar damuwar ita ce kalmar "duniya". Sai 1957 taron ya fara tsallake teku zuwa Landan, sai 2007 ya taka Asiya a Yokohama, kuma a cikin tamanin ɗin nan babu ko ɗaya da aka yi a Afirka. Masoyan sun daɗe da sanin cewa kuɗin jirgi shinge ne. A 1952, a taron Chicago na biyu, sun yi karo-karo suka ɗauko Walt Willis daga Belfast, mutumin da suka sani ta rubutunsa kawai. Daga nan aka kafa asusu a 1953 mai kai mutum ɗaya daga wannan gaɓar Atlantika zuwa waccan, kuma har yau yana aiki. Shekara 70 bayan Willis, irin wannan karo-karon ne ya taimaka wa Oghenechovwe Donald Ekpeki, marubuci ɗan Jihar Delta, ya kama hanyar Chicago. Shi kuɗi bai ishe shi ba, sai da ya sha fama kafin ya sami biza, abin da Willis bai san zafinsa kamar yadda ɗan Najeriya ya sani ba. A ƙarshe ya iso, kuma ba ɗan kallo ba ne. Labarinsa O2 Arena, a kan wata Najeriya ta gaba inda iskar numfashi ta zama abin saye, ya riga ya ci kyautar Nebula a wannan shekarar, kuma sunansa yana cikin 'yan takara a rukuni biyu na daren Lahadi.

Wannan daren shi ne na Hugo, kyautar da aka sa wa sunan mai mujallar nan ta 1926, aka fara bayarwa a Philadelphia a 1953. Babu kwamitin farfesoshi a bayanta. Mambobi ne suke kawo sunaye a farkon shekara, a tace shida a kowane rukuni, su kuma jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Wanda ba zai iya zuwa ba yana iya biyan ƙaramin kuɗi, dala 50 a wannan shekarar, ya yi zaɓe daga ɗakinsa, ko a Zinder yake ko a Kumasi. Kyautar roka ce ta ƙarfe mai sheƙi, kuma kowane gari yana ƙera mata gindinsa na dabam. Ta wannan hanyar ce Nnedi Okorafor, 'yar iyaye Ibo da ta tashi a wajen Chicago, ta ci kyautar a 2016 da Binti, labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Himba da ta bar gida zuwa jami'a a wata duniyar. N. K. Jemisin kuma ta ci ta babban littafi sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin ita.

Ranar 4 ga Satumba aka cika babban zaure, mutanen da suka wuni cikin riga mai gajeren hannu suka fito cikin kwat da dogayen riguna. Charlie Jane Anders da Annalee Newitz suka jagoranci bikin. Arkady Martine ta ɗauki kyautar babban littafi da A Desolation Called Peace, Becky Chambers ta ɗauki ta matsakaicin labari, fim ɗin Dune ya ci nasa rukunin. Ekpeki bai samu ko ɗaya ba: Suzanne Palmer ce ta ci rukunin labarinsa, Neil Clarke ya ci na edita bayan shekaru yana shiga takara yana faɗuwa. Waɗanda suka sha kaye su ma suna da walimarsu. George R. R. Martin da Gardner Dozois suka ƙirƙiro ta a ɗakin otal a 1976, bayan Martin ya tashi hannu rabbana, kuma ta zama al'ada. Wanda ya ci kyauta idan ya leƙo, tsiya ake yi masa kafin a bar shi ya zauna.

Litinin ita ce Ranar Ma'aikatan kanta. A waje ofisoshi a rufe, mutanen gari suna bakin Tafkin Michigan suna sallama da zafin bana. A ciki kuwa ana ta jan akwatuna masu nauyin littattafai, ana rungumar juna a bakin lifta. A bikin rufewa, bisa al'ada, shugaban taro yakan buga guduma ya miƙa ragama ga garin da ke biye, kuma mai biye a wannan karon Chengdu ce ta ƙasar Sin. Abin da ya faru can a 2023 ya girgiza gidan: bayan watanni aka gano cewa masu kula da ƙuri'a sun cire wasu ayyuka ba tare da bayani ba, har da littafin Babel na R. F. Kuang. Masu shirya na Glasgow sun shiga 2024 da alkawarin bayyana komai, kuma da suka kama ƙuri'u 377 na bogi sun fito fili sun faɗa kafin ranar biki.

A yammacin wannan Litinin ɗin ta Chicago duk wannan yana gaba. Abin da ke gaban mutane shi ne kwance allunan da aka rataye zane, naɗe wayoyi, ƙirga kujeru, cika kwalaye a tura su bakin babbar mota. 'Yan sa kai ne suke yi, waɗanda tun Laraba suke tsaye, tare da duk wani mamba da jirginsa bai tashi ba tukuna. Da aka gama, sai a tattara sauran abinci da abin sha a ɗaki ɗaya a yi walimar ƙarshe, wadda suke kira ta mataccen kare saboda yadda gajiya take shimfiɗe kowa. Muryoyi sun dushe, wasu suna gyangyaɗi a kan kafet da katinsu a wuya, wasu a gefe sun buɗe kwamfuta suna lissafin ɗakunan otal na Glasgow. Da safiyar Talata ma'aikatan Hyatt suka shiga jera kujeru don taron kamfani na gaba, malamai da direbobi da ma'aikatan jinya da suka gudanar da Chicon 8 kuma suka koma bakin aikinsu.